Rashin daidaiton launi a gindin gashi

Rashin daidaiton launi a gindin gashi matsala ce da ke faruwa idan an haskaka gashin kai da sinadari, sai ɓangaren da ke kusa da fatar kai ya fito da launi daban da na sauran gashin. Galibi gindin ne yakan fi haske, ya yi ja, ko ruwan lemo, ko rawaya mai ƙarfi, alhali tsakiya da ƙarshen gashin suna nan da duhunsu. Wani lokaci kuma gindin ne ke zama da duhu, ko a sami zobe mai wani launi ya kewaye kan tsakanin gindi da tsakiya. Masu gyaran gashi a ƙasashen da ke magana da Turanci suna kiran nau'i na farko da wani suna da ke nufin "gindi mai zafi", domin ja da ruwan lemo da rawaya suna cikin launukan da ake kira masu ɗumi, kuma ɗumin fatar kai na daga cikin manyan dalilan faruwar abin.

Matsalar ta fi yawa ga masu rina gashi a gida, da masu baƙin gashi da ke neman launi mai haske sosai a zama ɗaya. Ana iya kauce mata ta hanyar bin tsari wajen shafa sinadarin, ana kuma iya gyara ta idan ta faru. Sai dai gyaran da aka yi cikin gaggawa yakan jawo karyewar gashi ko ƙunar fatar kai.

Ma'anar kalmomi

A wannan maƙala, "gindin gashi" na nufin santimita ɗaya zuwa biyu na farko na silin gashi daga inda ya fito daga fata. Ba a nufin saiwar da ke cikin fata, wadda rini ba ya kaiwa gare ta. "Sabon toho" shi ne gashin da ya fito bayan rini na ƙarshe, wanda sinadari bai taɓa shi ba. "Haskaka gashi" kuwa shi ne rage launin da aka haifi gashi da shi, ko dai da hodar bilicin, ko da rini mai ɗorewa wanda ke rage launin asali yana kuma sanya sabo a lokaci guda. Ruwan da ake cuɗa hodar ko rinin da shi, wanda 'yan shagon gyaran gashi ke kira dibelofa, ruwan haidirojin faroksayid ne.

Tarihi

Masanin kimiyyar sinadarai ɗan Faransa, Louis Jacques Thénard, shi ne ya gano haidirojin faroksayid a shekarar 1818. A bikin baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1867, an nuna wa jama'a yadda ake amfani da shi wajen haskaka gashi. A 1907 Eugène Schueller ya haɗa rinin gashi na sinadari, ya kuma kafa kamfanin da daga baya ya zama L'Oréal a 1909. A Amurka, farin gashin jarumar fim Jean Harlow ya sa haskaka gashi ya zama abin yayi a farkon shekarun 1930. A 1950 kamfanin Clairol ya fito da rini mai haskakawa da sanya launi a mataki ɗaya, wanda daga baya aka riƙa sayar da shi don amfani a gida. Yaɗuwar irin wannan rini na kwali ya sa mutane da yawa suna rina gashinsu ba tare da horo ba, kuma a wannan yanayin ne aka fi ganin bambancin launi a gindi.

Yadda haskaka gashi ke aiki

Silin gashi yana da ɓawo na waje mai kama da saɓar kifi, da kuma jiki na ciki wanda akasarinsa furotin ne da ake kira keratin. A cikin wannan jiki ne ƙwayoyin launi, wato melanin, suke. Melanin iri biyu ne: yumelanin mai ba da baƙi da ruwan ƙasa, da fiyomelanin mai ba da ja da rawaya.

Kayan haskaka gashi suna ɗauke da sinadari mai kaifin kanwa, kamar amoniya, wanda ke kumbura silin ya buɗe ɓawonsa. Daga nan faroksayid ya shiga ciki ya farfasa melanin. Hodar bilicin tana da ƙarin gishirin fasalfet da ke ƙara wa aikin ƙarfi, shi ya sa ta fi rini iya haskakawa. Melanin ba ya gushewa gaba ɗaya a lokaci guda. Duhun ne ke fara tafiya, sai ragowar launin ya riƙa bayyana daki-daki: baƙi ya koma ja mai duhu, ja ya koma ruwan lemo, ruwan lemo ya koma rawaya, a ƙarshe a sami rawaya mai haske kamar cikin ɓawon ayaba. Duk inda aka wanke sinadarin, a nan launin zai tsaya.

Masu sana'ar suna auna duhu da hasken gashi da matakai daga 1 zuwa 10. Mataki na 1 shi ne baƙi wuluk, na 10 kuma shi ne mafi haske. Kamfanoni kan ɗan bambanta wajen lissafin, amma a dunƙule launin da ke bayyana bayan haskakawa yana tafiya kamar haka:

Mataki na 1 zuwa 4: ja mai duhu zuwa ja
Mataki na 5: ja mai sirkin ruwan lemo
Mataki na 6: ruwan lemo
Mataki na 7: ruwan lemo mai sirkin rawaya
Mataki na 8: rawaya
Mataki na 9 da 10: rawaya mai haske

Ƙarfin ruwan faroksayid kuwa ana rubuta shi da "bolum". Bolum 10 daidai yake da kashi 3 cikin ɗari, bolum 20 kashi 6, bolum 30 kashi 9, bolum 40 kuma kashi 12. Lambar tana nuna yawan iskar oksijin da ruwan zai iya saki: mililita ɗaya ta bolum 20 tana sakin kimanin mililita 20 na oksijin.

Nau'o'in matsalar

Gindi mai haske da ɗumi: shi ne wanda aka fi sani. Gindin yakan fi sauran gashin haske da mataki ɗaya ko biyu, yana ƙyalli da ja ko ruwan lemo, musamman a tsaga da goshi.

Gindi mai duhu: yana faruwa idan sinadarin bai daɗe a gindin ba, ko bai isa ba, ko kuma an yi amfani da wanda ya riga ya yi sanyi a kwano.

Zobe: layi ne na launi daban da ke kewaye kai. Zai iya zama mai duhu, idan wani sashe na sabon toho bai haskaka yadda ya kamata ba, ko fari fat, idan sinadarin ya hau kan gashin da aka riga aka haskaka a baya.

Dabbare-dabbare: ɗigo-ɗigon duhu da haske a wurare daban-daban, alamar cewa ba a jiƙa kowane sashe daidai ba.

Dalilai

Ɗumin fatar kai

Zafin jikin mutum kimanin digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma zafi yana hanzarta aikin faroksayid. Gashin da ke cikin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga fata yana samun wannan ɗumi, wanda ke nesa kuwa yana aiki ne da zafin ɗaki. Idan aka shafa sinadari daga gindi zuwa ƙarshe a lokaci ɗaya, aka wanke a lokaci ɗaya, gindin zai riga sauran isa. Rufe kai da leda ko zama a ƙarƙashin na'urar busar da gashi yana ƙara wannan tazara.

Tsohon rini a jikin gashi

Wata ƙa'ida da ake koya wa masu koyon sana'ar ita ce rini ba ya haskaka rini. Rini mai ɗorewa yana iya farfasa melanin na halitta, amma ba ya cire launin sinadari da aka sa a baya. Misali, mace ta daɗe tana rina gashinta baƙi, sai ta sayi rini ruwan zuma ta shafe kan gaba ɗaya. Sabon tohon zai haskaka ya yi ja ko ruwan lemo, sauran gashin kuma ya zauna baƙi kamar ba a taɓa shi ba. Wannan shi ne dalilin da ke haifar da bambanci mafi muni.

Zaɓen launi ko ƙarfin da bai dace ba

Rini mai ɗorewa ba ya wuce ɗaga gashi mataki uku zuwa huɗu. Gashin da ke mataki na 1 ko 2 zai tsaya ne a na 4 ko 5 ko da an yi amfani da ruwa mai ƙarfi, kuma launin wannan wuri ja ne da ruwan lemo. Hoton da ke jikin kwalin rini yakan nuna sakamakon da za a samu a kan gashi mai haske tun asali. Haka kuma sanya bolum 30 ko 40 a gindi, inda ɗumi ya riga ya ƙara sauri, yana sa ya zarce abin da ake so.

Jinkirin gyaran sabon toho

Gashin kai yana tsawo da kimanin santimita ɗaya a wata, ya ɗan fi ko ya ɗan gaza, gwargwadon mutum. Wanda ya bari wata uku ya wuce zai tara toho na kimanin santimita uku. Idan aka shafe wannan tohon gaba ɗaya, rabin da ke kusa da fata zai yi haske, rabin da ɗumi bai kai gare shi ba ya tsaya a ruwan lemo. Ta haka zobe mai duhu ke samuwa.

Furfura

Furfura ba ta da melanin ko kuma tana da kaɗan, saboda haka babu duhun da zai danne launin rini. Idan aka sa mata rini ja ko ruwan zinare zalla, gindin zai fito da ƙyalli fiye da sauran kai.

Yadda aka shafa

Ɗaukar gashi da kauri a lokacin shafawa yana hana sinadarin ratsa tsakiya. Bilicin yana daina aiki idan ya bushe, yana kuma kumbura yayin da yake aiki, ya malala zuwa inda ba a sa shi ba. Mai shafawa a hankali kuma yakan tarar da sashen farko ya kusa gamawa kafin ya taɓa na ƙarshe.

Rigakafi

Kafin komai ana yin gwaji iri biyu. Na farko gwajin fata ne: a ɗiga rinin kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu awa 48 kafin aiki, don a gane ko jiki zai ƙi shi. Na biyu gwajin sili ne: a ware ɗan gashi daga ƙeya, a shafa masa haɗin, a ga mintin da zai ɗauka da launin da zai bayar da kuma ko zai jure. Mai gyaran gashi yakan kuma tambayi tarihin kan: rinin da aka taɓa sawa, da lalle, da man miƙar da gashi.

Ga gashin da ba a taɓa haskakawa ba, tsarin da aka saba koyarwa shi ne:

1. A raba kan gida huɗu, daga goshi zuwa ƙeya da kuma daga kunne zuwa kunne.
2. A haɗa sinadarin a kwanon roba ko na gilashi bisa awon da kamfani ya rubuta. Kwanon ƙarfe yana iya ɓata haɗin.
3. A riƙa ɗaukar gashi siriri, a fara shafawa daga tazarar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi da fata, a bi ta tsakiya zuwa ƙarshe. Idan ƙarshen gashin ya riga ya gaji, a jinkirta shi, domin gashin da ɓawonsa ya lalace yana saurin ɗauka.
4. A fara daga baya, inda gashi ya fi kauri da duhu. Gashin goshi da na gefen kunne sirara ne, su ne na ƙarshe.
5. Idan tsakiya ta kusa kai launin da ake nema, a haɗa sabon sinadari a shafa a gindi. Gindin yakan buƙaci ƙasa da lokacin da tsakiya ta ɗauka.
6. A riƙa dubawa duk bayan minti biyar zuwa goma ta hanyar goge sili ɗaya da tsumma mai laima. Kada a wuce iyakar lokacin da ke jikin kwali ko da launin bai kai ba.

Yawancin kamfanoni suna ba da shawarar kada a wuce bolum 20 idan bilicin zai taɓa fatar kai. Wasu masu sana'ar suna amfani da ruwa mai ƙarfi a tsakiya, su sa mai sauƙi a gindi, don sassan biyu su isa tare.

Ga wanda ya riga ya haskaka gashinsa, ana gyara sabon toho duk bayan mako huɗu zuwa shida, kafin ya wuce iyakar da ɗumin fata ke kaiwa. A kan tohon kaɗai ake shafawa, a tsaya ɗan nesa da tsohon layi saboda kumburin bilicin. Shafa man laushi a kan gashin da aka haskaka a baya yana taimakawa wajen kare shi. Idan tohon ya wuce santimita biyu, sai a ɗauke shi tamkar sabon aiki: a fara da sashen da ke nesa da fata, gindi ya biyo baya. Idan akwai furfura da yawa, ana sirka launin da ake so da rini mai launin gashi na halitta a mataki ɗaya, don gindin ya sami nauyi.

Gyara

Gyaran ya danganta ne da amsar tambayoyi biyu: shin gindin ya fi sauran haske ne, ko kuwa matakinsu ɗaya amma launin ya fi ɗumi? Sannan wane sashe ne ya fi kusa da abin da ake so?

Idan ɗumin launi ne kawai

A nan ana amfani da ƙa'idar launuka masu kishiyantar juna. Shunayya tana kashe rawaya, shuɗi yana kashe ruwan lemo, kore kuma yana kashe ja. Rinin daidaita launi, wanda ake cuɗawa da ruwan faroksayid mai rauni na bolum 5 zuwa 10, yana sanya launi ba tare da ya ƙara haskakawa sosai ba. Dole ne matakinsa ya yi daidai da na gashin ko ya fi shi duhu kaɗan. Rinin daidaitawa na mataki na 10 ba zai yi wa gindi mai ruwan lemo na mataki na 6 komai ba. Shamfu mai launin shunayya ko shuɗi yana rage ɗumi kaɗan, amma launinsa a saman sili yake zama, yana fita da wanki, kuma ba ya rufe bambancin haske.

Idan gindin ya fi haske

Hanya mafi sauƙi kuma mafi ƙarancin lahani ita ce a duhunta gindin. Ana zaɓar rini marar haskakawa, mai mataki ɗaya da tsakiyar gashin ko wanda ya fi shi duhu da mataki ɗaya, mai sirkin ruwan toka. A shafa shi a gindi kaɗai, sannan a ja shi ƙasa kaɗan da mataji don kada layi ya fito. Masu sana'ar suna kiran wannan dabara inuwar gindi, kuma wasu suna yin ta da gangan a matsayin ado, domin tana sa sabon toho ya saje idan ya fito. Kuskuren da aka fi yi shi ne sake shafa rinin da ya haifar da matsalar da ruwa mai ƙarfi, abin da ke ƙara haskaka gindin.

Idan tsawon gashin ne ya yi duhu

Idan launin gindin shi ake so, to sauran gashin za a ɗaga. Inda tsohon rini ne ya hana, ana fara amfani da maganin cire rini, wanda ke ƙanƙantar da ƙwayoyin launin sinadari har su fita da wanki ba tare da ya taɓa melanin ba. Bayan haka, idan da buƙata, a sa bilicin mai sauƙi a tsawon gashin, a bar gindin. Baƙin rini da ya taru shekara da shekaru yakan buƙaci zama fiye da ɗaya.

Zobe da gindi mai duhu

Zobe mai duhu ana bin sa ne sashe-sashe, a shafa bilicin a kan layin kawai, a naɗe da takardar alminiyom don kada ya taɓa maƙwabtansa. Farin zobe kuwa ba a ƙara masa sinadarin haskakawa, domin shi ne wuri mafi rauni a silin. Launi ake mayar masa. Gindin da bai haskaka ba ana iya sake shafa masa, amma sai fatar kai ta huta. Masu sana'ar kan ba da tazarar mako biyu ko fiye tsakanin haskakawa biyu. Gashin da ke miƙewa kamar roba idan ya jiƙe, ko yake tsinkewa a mataji, ba ya ɗaukar wani bilicin.

Gashi mai nannaɗewa, rilaksa, lalle da dayis

Gashin yawancin mutanen Afirka ta Yamma baƙi ne na mataki na 1 zuwa 2, saboda haka sai ya ratsa dukkan matakan ja da ruwan lemo kafin ya yi haske. Silinsa a baje yake, yana kuma murɗewa, kuma wuraren murɗewar suna saurin karyewa. Nannaɗewar tana ɓoye ainihin tsawon sabon toho, don haka sai an miƙe silin da yatsa kafin a auna. A gajeren aski, kusan dukkan gashin yana cikin yankin ɗumin fata, shi ya sa yakan haskaka daidai, sai dai haɗarin ƙunar fata ya fi yawa.

Man miƙar da gashi, wato rilaksa, yana karya wasu daga cikin mahaɗan da ke riƙe keratin. Bilicin ma yana raunana su. Haɗa su biyun a kan sili ɗaya yana iya sa gashi ya gutsure, galibi a daidai inda sabon toho ya haɗu da tsohon gashi.

Lalle yana manne wa keratin sosai, kuma bilicin ba ya cire shi da sauƙi. Gashi ko gemun da aka saba sa wa lalle yakan tsaya a ruwan lemo, sabon tohon kuma ya wuce shi haske. Wasu haɗe-haɗen lalle na kasuwa suna ɗauke da gishirin ƙarfe, wanda idan ya gamu da faroksayid yakan yi zafi ya lalata gashi. Baƙin dayis shi ma yana da wuyar cirewa, kuma da yawansa na ɗauke da sinadarin PPD. Wanda fatarsa ta taɓa kumbura bayan zanen baƙin lalle yana iya samun mummunan borin jiki daga rinin gashi mai wannan sinadari.

Lafiya da kariya

Dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai ta ƙayyade kashi 12 cikin ɗari a matsayin iyakar haidirojin faroksayid a kayan gashi, ta kuma wajabta rubuta gargaɗi a jikin rini mai ɗorewa cewa ba a yi shi don 'yan ƙasa da shekara 16 ba. Hodar bilicin tana iya ƙona fata, ƙurarta kuma tana tayar da asma ga wasu, musamman ma'aikatan shago da ke shaƙar ta kullum. Ana sa safar hannu, a yi aiki a wuri mai iska. Ba a shafa sinadarin a kan da ke da ƙuraje ko rauni, ko wanda aka tsefe wa kitso mai tsauri a ranar. Barin kai kwana ɗaya ko biyu ba wanki kafin aiki yana barin maiƙon fata ya zama kariya. Ɗan ƙaiƙayi abu ne da aka saba ji, amma idan zafi ya yi tsanani sai a wanke nan take da ruwa mai yawa. Kumburin fuska ko wahalar numfashi na buƙatar zuwa asibiti da gaggawa. Ba a amfani da waɗannan kaya a gira ko gashin ido.

Kulawa bayan gyara

Rinin daidaita launi yana kodewa cikin 'yan makonni, ɗumin da ke ƙarƙashi ya sake bayyana, don haka akan sabunta shi lokaci-lokaci. Rana, da ruwan zafi, da yawan wanki, da ruwan rijiya ko na burtsatse mai yawan ma'adinai suna hanzarta kodewar. Gashin da aka haskaka yana saurin bushewa, yana buƙatar man laushi a kai a kai da rage amfani da na'urorin zafi. Tun daga 2014, lokacin da Olaplex ya shigo kasuwa, kayan da ake cewa suna ƙarfafa mahaɗan gashi sun yaɗu a shaguna. Suna iya rage karyewa, amma ba sa mayar da silin da ya lalace yadda yake a da. Sashen da ya lalace sosai sai dai a datse shi a jira sabon toho.